Darasi na 14: Idan Injin Busar da Tufafi Ya Fara Kuka

A ƙasar Hausa rana ce ke busar da wanki. Mace ta wanke kaya da hantsi ta baza a igiya, kafin azahar ta kwashe abinta, in kuwa hunturu ake yi ko awa biyu ba a kaiwa. Shi ya sa injin busar da tufafi, wanda masu gyara ke kira draya, bai zama kayan kowane gida ba a nan, kuma babu dalilin da zai sa ya zama. Gidansa na asali ƙasashen sanyi ne, inda rigar da aka shanya a waje kan daskare ta yi tauri kamar fata. A Amurka wani mutumin jihar Dakota ta Arewa mai suna J. Ross Moore ya ƙera irin wanda aka sani a yau, kamfanin Hamilton na jihar Wiskonsin kuma ya fitar da shi kasuwa a 1938.

Duk da haka, mai koyon gyaran kayan lantarki zai gamu da shi. Otal da asibiti da shagunan wanki da guga a Kano ko Kaduna ko Yamai ba za su ajiye tulin zannuwan gado suna jiran hadari ya washe a watan Agusta ba. Akwai kuma gidajen da suka saye shi. Da yawa daga cikin waɗannan injuna na hannu ne, kayan Beljiyam, sun riga sun ci shekaru a wata ƙasa kafin su sauka a nan. Tsohon inji kuwa ba ya rasa ƙorafi, kuma da sauti yake fara faɗinsa.

Abin da ke cikin akwatin

Wanda bai taɓa buɗe shi ba zai zaci wani abin mamaki ne a ciki. Aiki uku kawai yake yi: ya juya kaya, ya ɗumama iska, ya tura iskar ta ratsa kayan ta fice da danshi. Akwai ganga ta ƙarfe da ke juyawa kimanin sau 50 a minti. Wani siririn bel ya zagaye ta ya sauko kan bakin moto, wato injin lantarkin da ke ƙasa, sannan wata 'yar taya mai sifirin tana ɗame bel ɗin don kada ya saki. A yawancin injuna moton nan guda shi ne kuma ke juya fankar da ke jan iska. Gangar tana zaune ne a kan ƙananan tayoyin roba biyu ko huɗu, ko kuma a kan boris ɗaya a tsakiyar bayanta, gabanta kuma yana zamewa a kan wasu 'yan faifan roba. A bakinta gaba da baya akwai zoben ƙyalle mai kauri da ke hana iska zurarewa. Zafi daga wayar hita yake fitowa, ko daga harshen gas a wasu injunan. Sai rariya a bakin ƙofa, wadda ke tare dusar zaren da tufafi ke zubarwa, da bututun da ke kai iska waje.

Dukan abin da zai yi ƙara yana cikin masu motsi ne: ganga, tayoyi, boris, bel, fanka da moto. Dukan abin da zai tayar da gobara yana kan hanyar iska da zafi. Mai gyara ya riƙe wannan rabon a ransa, zai rage masa wahala.

Kunne kafin sukudireba

Kuskuren sabon hannu shi ne ya iso ya hau kwance ƙusoshi. Gwani tambaya yake fara yi. "Hajiya, yaushe ya fara wannan kukan? Da an kunna yake yi, ko sai ya ɗauki zafi? Kayan suna bushewa kamar da?" In a shago ne, yaron da ke aiki da injin kullum ya fi maigidansa sanin amsa, don haka shi za a ja gefe a tambaya.

Daga nan a kunna injin babu komai a ciki. In ƙarar ta ɓace, ba injin ba ne: zif ne, ko maɓallin ƙarfe, ko takalmi da aka jefa ciki. Ba abin kunya ba ne mai gyara ya faɗi haka ya karɓi kuɗin ƙafarsa ya tafi. A kuma girgiza akwatin da hannu. In yana rawa, ƙafafunsa ne ba su zauna daidai ba, kuma ƙafafun masu murɗawa ne, minti biyu ya isa.

In ƙarar tana nan, sai a saurari takunta, domin a nan sirrin yake. Tunda ganga tana juyawa kusan sau ɗaya a daƙiƙa, duk bugun da ke zuwa dim, dim, dim da wannan takun yana tare da ganga ne ko bel: wani wuri ya lotsa, ko bel ya fara zarewa, ko ɗaya daga cikin fikafikan da ke ɗaga kaya a cikin ganga ya saki. Tayoyin da ke ɗauke da ganga ƙanana ne, suna juyawa sau da yawa kafin ita ta yi zagaye ɗaya, saboda haka bugunsu ya fi sauri, gurum-gurum-gurum kamar amalanke a kan tsakuwa. Sautin da ba ya yankewa kuwa, ƙiiii ko gurnani, daga masu saurin gudu yake fitowa: moto, fanka, ko 'yar tayar da ke ɗame bel.

Tayoyin ganga suna da wani hali da ya kamata a sani. In inji ya daɗe a ajiye, nauyin ganga yakan danne robar ta shafe a gefe ɗaya. Sai a kunna ya yi ta bugu na 'yan mintoci, da robar ta ji ɗumi ta koma daidai ya yi shiru. Injin da ya sha wata da watanni a kwantena da shagon dillali sau da yawa haka yake yi a ranar farko. Wannan ba ya bukatar gyara. Wanda bugunsa ba ya tafiya ko da ya yi zafi, shi ne tayarsa ta ci.

Ƙarar tsuwa mai shiga haƙori, irin ta ƙofar da ta yi tsatsa, yawanci 'yar tayar bel ce ta bushe a kan sandarta, ko boris ɗin baya. Kukan ƙarfe na gogar ƙarfe kuma alama ce faifan robar gaba sun cinye, ganga ta sauka a kan jikin akwati. Wannan ba ya jira. Kowane zagaye yana cin bakin ganga, kuma ganga ta fi faifan tsada nesa ba kusa ba. Shaidarsa takan bayyana a tufafi: baƙin layi a farar riga, ko ɗan yagewa a gefen zanin gado. Haka ma in zoben ƙyallen ya tsufa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ta nan kwabo da ƙusa da ƙarfen rigar mama ke bi su maƙale, su yi ta kacau-kacau.

Fanka kuma nata daban ne. In ƙyalle ko safa ta wuce rariya ta naɗe mata, injin gaba ɗaya zai ɗauki karkarwa da ruri. In kuwa tsakiyarta ta cinye ta saki a kan sandar moto, an fi jin ta daidai lokacin tashi da lokacin tsayawa.

Buɗewa

Kafin a taɓa ƙusa ɗaya, a zare fulogi daga bango. Kashe maɓalli bai isa ba, kuma ɗauke wuta ba kashewa ba ne, don ana iya kawo ta, ko wani ya tayar da janareta, hannun mutum yana ciki. In na gas ne, a rufe kan tukunya. Gefen ƙarfen cikin akwatin yana da kaifi kamar reza, safar hannu ta fi dacewa. A ɗauki hoton wayoyi da yadda bel ya bi da wayar salula kafin a cire komai, domin ƙwaƙwalwa takan yi gardama da yamma a kan abin da ido ya gani da safe.

Da an cire murfin sama da na gaba, sai a saki bel, a juya kowane abu shi kaɗai da hannu. Ganga ta juya sumul ba tare da turjiya ba. Kowace taya a murza ta da yatsa: mai lafiya tana gudu shiru, ba ta karkace, ba ta lilo a kan sandarta. Bakin moto ma a juya shi, a ja shi gaba da baya. In yana cijewa ko yana ƙara kamar akwai yashi a ciki, boris ɗinsa sun tafi. Ta haka ake kama mai laifi da hannu, maimakon a sayi kaya uku ana addu'ar ɗaya ya dace.

In taya ɗaya ta lalace, a canza su duka, tunda shekarunsu ɗaya kuma nauyi ɗaya suka ɗauka. In bel ya tsattsage ko ya yi santsi, shi ma a canza shi tun injin yana buɗe. A jikin bel na injunan Turai akan ga lamba irin 1975 H7. Ba ado ba ne: 1975 tsawonsa ne a milimita, 7 kuma yawan layukan da ke cikinsa. Da wannan lambar, da ta samfurin injin da ke manne a bakin ƙofa ko a baya, ake zuwa kasuwa. Wajen ɗaurawa, gefen mai layuka shi ke kwanciya a jikin ganga da bakin moto. Wasu injunan Turai ba su da 'yar tayar ɗamewa sam, bel ɗinsu mai miƙewa ne, da ƙarfi ake ja a ɗora shi, kada mai gyara ya ɗauka an ba shi gajere.

Sai maganar giris, wadda a nan aka fi yin ɓarna. Hannun da ya saba da mota da babur da ya ji ƙiiii sai ya nemi mai. A cikin draya kuwa dusar zare ce ke yawo ko'ina, ga ƙurar hunturu a kai. Da sun sami maiƙo sai su manne su zama laka mai cin ƙarfe. Injin zai yi shiru sati biyu, mai shi ya yi godiya, sannan kukan ya dawo fiye da na da, mai gyara kuma ya rasa abokin ciniki. Faifan roba da bel ba a shafa musu komai. Boris ɗin baya, a irin da aka yi shi don a sa masa mai, giris mai jure zafi yake so, kuma kaɗan.

Idan ba kuka ba ne, ƙin aiki ne

Wani injin za a danna maɓalli ya yi "mmm", ganga ba ta motsa ba. A injunan Turai da yawa kafasita ce ta mutu, irin dai cutar fankar sama da sai an tura ta da sanda take tashi. Abu ne mai araha, amma tana iya riƙe wuta bayan an zare fulogi, don haka a sauke cajinta kafin a kama bakinta, kuma sabuwar ta zo da lamba ɗaya da tsohuwar. In kuwa ana jin moto yana gudu lafiya ganga tana tsaye, a sa hannu a juya ta. In ta tafi sakayau ba nauyi, bel ya tsinke. In babu ko motsi, a fara da soket, sannan ɗan maɓallin da ƙofa ke dannawa idan an rufe ta.

Injin da ke juyawa amma ba zafi, mitar gwaji ce ke raba gardama, kuma fulogi a zare ake gwajin. Lissafin mai sauƙi ne: a ninka bolt da kansa, a raba da wat. Hita mai wat 2,000 a kan bolt 230 za ta nuna kimanin om 26. Ta injin Amurka mai wat 5,400 a kan bolt 240 za ta nuna kusan om 11. In mita ba ta nuna komai ba, waya ta tsinke. In hita lafiya take, sai a bi ma'aunan zafi da fiyus ɗin zafi ɗaya bayan ɗaya.

Wannan fiyus ya cancanci a tsaya a kansa. Ɗan abu ne da bai kai yatsa ba, aikinsa ya yanke wuta in zafi ya wuce iyaka, kuma sau ɗaya yake aiki a rayuwarsa. Akwai masu gyaran da, in ba su same shi a kasuwa ba, sai su haɗe wayoyinsa biyu su rufe inji su karɓi kuɗi. Wannan ba dabara ba ce, cin amana ne. Fiyus bai ƙone don kansa ba. Yawanci wani abu ne ya hana iska wucewa har zafi ya taru. Wanda ya tsallake shi ya bar cutar, ya kuma kori mai gadi, a ɗakin da ke cike da auduga.

Laifin da ba ya ƙara

Hukumar kula da gobara ta Amurka ta ƙiyasta cewa tsakanin 2008 da 2010 ana samun gobara kusan 2,900 duk shekara a gidaje daga injin busar da tufafi, da mutuwar mutum 5, da raunata kusan 100, da asarar dala miliyan 35. Babban dalilin da ta gano, kashi 34 cikin ɗari, rashin sharewa ne.

A Birtaniya abin ya kai ga kamfani. A Nuwamba 2015 Whirlpool ya sanar cewa injuna sama da miliyan 5 masu sunan Hotpoint da Indesit da Creda, waɗanda aka ƙera tsakanin Afrilu 2004 da Satumba 2015, suna da aibi: dusar zare na iya taruwa ta taɓa hita ta kama wuta. A Agusta 2016 gobara ta tashi a wani bene mai hawa 18 a unguwar Shepherd's Bush a Landan, masu kashe gobara suka tabbatar draya ce ta Indesit ta haddasa ta. A Yuli 2019 kamfanin ya yi kiranyen waɗanda ba a gyara ba. Wannan labari ya shafi mai gyara a nan kai tsaye, tunda daga Turai kayan hannu ke zuwa. Wanda ya ci karo da ɗaya daga waɗannan sunaye na waɗancan shekaru ya duba lambarsa a intanet, ya kuma faɗa wa mai shi gaskiya.

Alamomin toshewar iska ba ɓoyayyu ba ne. Kayan da ke bushewa a zagaye ɗaya sun koma biyu, saman akwatin ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai, ɗakin ya cika da danshi, ko ana jin ƙauri. Mai gyara ya fita waje ya sa tafin hannu a bakin bututu injin yana aiki. Iska mai ƙarfi ya kamata ta buge shi. In numfashi ne kawai, a cire bututun a bi shi da buroshi daga farko har ƙarshe, domin ban da dusar zare, tsuntsu da ɓera ma sukan yi gida a ciki. Faɗin bututun inci 4 ne, wato kimanin milimita 100. Dokar gini da ake bi a yawancin Amurka ta ce kada tsawonsa ya wuce ƙafa 35, kimanin mita 10 da rabi, kuma kowace cikakkiyar kwana tana cin ƙafa 5 daga ciki. Na ƙarfe mai santsin ciki ya fi na roba mai lanƙwasa, wanda ke tara dusa a kowane ninki kuma yana narkewa.

Rariya ma takan yaudari ido. Maganin tausasa tufafi yana barin wani maiƙo da ba a gani. A zuba mata ruwa. In ya tsaya bai zuba ba, iska ma ba ta wucewa, sai a wanke da sabulu da buroshi. Injunan da ba su da bututu, masu tara ruwa a tanki, suna da wani akwatin sanyaya iska a ƙasa da shi ma yake toshewa, kuma in tankin ya cika injin tsayawa yake yi. Sau da yawa "lalacewar" ke nan gaba ɗaya.

Akwai gargaɗin da ya wajaba a bar wa mai shago: tsumman da ya sha fetur ko man gyaɗa ko man shafawa ba ya shiga draya ko da an wanke shi, domin ragowar man na iya kamawa da kansa in kayan suka yi zafi aka bar su a tule.

Wutar da ta dace da shi

Wani lokaci injin lafiyarsa ƙalau, ƙasar ce ba tasa ba. Na Turai an yi shi don bolt 230 da zagaye 50 a daƙiƙa, daidai da wutar Nijeriya, ta Nijar ma kusan haka take. Na Amurka hitarsa bolt 240 take ci, amma motonsa bolt 120 ne, kuma a zagaye 60. Wanda ya haɗa shi kai tsaye da wutar nan zai ƙona moton. Ko an sa masa taransifoma ta gyara bolt, ba ta gyara zagaye: moto zai yi gudun kashi biyar cikin shida, fanka ta rage jan iska, agogonsa mai juyawa kuma ya ci minti 72 a inda aka sa masa 60. Na gas daga can yawanci an saita shi ne don gas ɗin bututu. Gas ɗin tukunya da ake girki da shi a nan sai an canza masa bakin fesawa, kuma wannan aikin wanda ya ƙware a gas ne, domin harshen da bai ci daidai ba yana fitar da hayaƙi marar wari mai kisa.

Rabin wuta ma tana sa moto gurnani ya kasa tashi, haka ƙaramin janareta, wanda ba zai ɗauki injin da ke jan wat 2,000 zuwa sama ba. Kafin a yanke wa moto hukunci a gwada abin da soket ke bayarwa.

Bayan an gama gyara, kafin a mayar da murfi, a share cikin akwatin tas, musamman kewayen moto da hita. A juya ganga da hannu zagaye biyu a tabbatar bel ya hau daidai kuma zoben ƙyalle bai naɗe ba. A rufe, a kunna babu kaya minti biyar, sannan a sa jiƙaƙƙen tawul a tsaya har ya bushe, a sake fita waje a ji iskar bututu.

Aikin wannan mako

Kowane ɗalibi ya nemi izini a wani shagon wanki ko otal da ke da draya, ya tsaya kusa da ita minti goma tana aiki. Ya rubuta sunan injin da lambarsa, da bolt da wat da ke jikin takardarsa, da irin sautin da ya ji da yawan bugunsa a minti ɗaya. Ya tambayi mai aiki da ita yaushe aka share bututu na ƙarshe. Kada ya buɗe komai. A darasi na gaba za a kwance inji ɗaya a aji, kowa ya zo da littafinsa da safar hannu.